Saƙon Godiya Bayan Kwanan Daji a Tsaunukan Tararua

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah da Ya dawo da ni gida lafiya, ina miƙa godiyata ga duk waɗanda suka tsaya mini a daren da na ɓata a dajin Tararua, arewa da birnin Welintan na ƙasar Niyu Zilan.

Mu uku muka fita ranar Asabar da niyyar kwana a wata bukkar daji mai gado shida, ɗaya daga cikin bukkoki kusan 950 da hukumar kula da gandun daji ta ƙasar, wato DOC, take riƙe da su. Hanyar da muka zaɓa ba shararriya ba ce. Abin da ke nuna ta kawai shi ne 'yan alamomin roba masu kusurwa uku, ruwan lemo, da aka kafa a jikin itatuwa, kuma ƙa'idar ita ce kada mutum ya bar alama ɗaya sai idonsa ya kama ta gaba. Wannan ƙa'ida na karya. Na tsaya ɗaure igiyar takalmi, na ce wa abokan tafiyata su ci gaba zan cim musu, sai na tarar da wani ƙaton itace da iska ta kayar ya tare hanya. Da na zagaye shi na hango alama a ƙasa kaɗan, na bi ta ba tare da na lura cewa ruwan hoda ce ba. Irin waɗannan na masu ɗana tarkon ɓeraye da sauran dabbobin da ke cinye ƙwan tsuntsaye ne, ba su kai mutum bukka. Na yi fiye da awa guda ina gangarawa kafin na tsinci kaina a bakin wani rafi, hazo ya sauko, ga gansakuka ta lulluɓe kowane kututture har ba a bambance ɗaya da ɗaya.

Godiyata ta farko ga dattijon ƙungiyarmu ta masu yawon daji, wanda ya sha nanata mana cewa duk wanda ya ɓata ya tsaya inda yake, kada kuma ya kuskura ya tsallaka rafin da ya cika. A lokacin ina ɗaukar maganar mita ce irin ta tsofaffi. Ita ce ta zaunar da ni a gindin itace, na shiga jakar barci da rigar ruwana, na yi sallolina a zaune, ina busa usur lokaci-lokaci har gari ya waye.

Abokan tafiyata biyu, ban san da wane baki zan gode muku ba. Kun dawo da tocila har inda itacen ya faɗi kuna kiran sunana, kuma da duhu ya yi yawa kuka yi abin da ya dace, kuka koma bukka kuka kunna na'urar neman agaji maimakon ku ma ku ɓata.

Ina godiya ta musamman ga 'yan sa-kai na ƙungiyar ceto ta LandSAR, mutanen da ba albashi ake biyansu ba, waɗanda suka baro iyalansu da asuba. Ɗaya daga cikinsu, wata mata da ta kusa haifata, tana ganin alamar ruwan hodar ta gane inda na nufa. Da suka iso ba wanda ya yi mini faɗa. Shayi mai zafi ta fara miƙo mini, hannuna na rawa har ya zube a gwiwata, sannan ta ciro busasshiyar safa daga jakarta ta ba ni.

Ga 'yan uwa na gida da suka kwana suna addu'a, da kuma Hajiyarmu da ba a gaya mata ba sai da aka same ni, Allah Ya saka da alheri, a kuma yafe mini tashin hankalin da na jawo. Likita ya duba ƙafata, targaɗe ne kawai. Safar nan na wanke ta, ranar Laraba in sha Allahu zan mayar wa mai ita.