Saƙon Godiya Bayan Dawowar Shirinmu na Mata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ina rubuta wannan saƙo daga Birnin Kebbi domin in gode wa duk waɗanda suka tsaya mini a makonni ukun da aka dakatar da shirin mata da nake gabatarwa a rediyo duk ranar Asabar, bayan da na kawo kashi na farko na tarihin mawaƙiyar nan ta Amurka, Vanessa Williams.

Ga wanda labarin bai iske shi yadda yake ba, wani ne ya yanko minti ɗaya daga cikin shirin minti 45, daidai wurin da nake bayanin yadda aka naɗa mata kambun sarauniyar kyau ta Amurka a watan Satumba na 1983, tana da shekara 20, ta zama baƙar fata ta farko da ta taɓa samun wannan kambu, sannan ya watsa guntun a WhatsApp da sharhin cewa ina kwaɗaita wa 'ya'yan mutane shiga irin wannan gasa. Ban ga laifin iyayen da hankalinsu ya tashi ba. Duk wanda ya kai shekaruna bai manta da Nuwamban 2002 ba, lokacin da rikici kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ci rayuka fiye da 200 a Kaduna, har ta kai ga an ɗauke gasar daga Abuja an mayar da ita Landan. Na kuma amsa nawa kuskuren, domin ni ce na raba labarin biyu, na bar naɗin kambu a makon farko, na ajiye abin da ya biyo baya sai mako mai zuwa.

Alhali kuwa abin da ya biyo bayan shi ne dalilin kawo labarin tun farko. Wannan yarinya 'yar malaman makaranta ce, uwa da uba duk kiɗa suke koyarwa, kuma tana karatun waƙa da wasan dandamali a jami'ar Syracuse lokacin da ta shiga gasar. A 1982 ta yi aiki a wurin wani mai ɗaukar hoto, ya ɗauke ta wasu hotuna na tsiraici waɗanda ta ce an tabbatar mata ba za su fita ba. Da sunanta ya yi tsada sai aka sayar da su ga mujallar Penthouse ba da yardarta ba, masu shirya gasar suka ba ta wa'adin awa 72 ta sauka, ta kuma ajiye kambun ranar 23 ga Yuli, 1984, saura makonni bakwai wa'adinta ya cika. Wannan shi ne abin da nake son 'yan matanmu masu riƙe da wayoyi su ji da kunnensu, domin abin da a wancan zamani sai da mujalla da injin ɗab'i, yau tsohon saurayi mai fushi yana yin sa da yatsa ɗaya.

Sai da ta yi shekara huɗu ana nuna ta da baki kafin ta fitar da kundin waƙoƙinta na farko a 1988. A 1992 wata waƙarta ta yi mako biyar a matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, a 1994 ta hau babban dandamalin wasan kwaikwayo na Broadway da ke birnin New York, ta kuma fito a fina-finai da wasannin talabijin. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a Satumban 2015, lokacin da masu gasar suka gayyato ta a matsayin shugabar alƙalai, shugabansu Sam Haskell ya nemi gafararta a bainar jama'a, mahaifiyarta tana zaune a cikin taron. Shekara 31 ke nan tsakanin faɗuwa da ban haƙuri. Ni dai ban taɓa sha'awar a jera 'ya'ya mata ana auna kyawunsu ba, kuma na faɗi haka a cikin shirin, sai dai mai yankan bai ga damar haɗawa da wannan wurin ba.

Godiyata ta farko ga malamin unguwarmu ne, dattijon da ya koya mini karatun allo. Da mutane suka kai masa ƙarata, bai ce komai ba sai ya nemi a kawo masa shirin gaba ɗaya, har da kashi na biyu da ba a kai ga sakawa ba. Na same shi a zaure bayan la'asar, ya kara wayar a kunnensa na dama saboda na hagun ya yi nauyi, ya saurara har ƙarshe ba tare da ya ɗago kai ba. Da ya gama sai ya ce, "'Yata, da kin fara da wutsiyar, da ba a kama ki da kan ba." Washegari shi da kansa ya taka, da sandarsa, ya je ya yi wa shugabannina bayani. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana.

Ina gode wa matashin injiniyanmu wanda ya adana cikakken shirin, domin da ya goge shi kamar yadda aka saba yi idan wuri ya cika a kwamfuta, da ba ni da abin kare kaina. Ina gode wa shugabannin gidanmu da suka saurari hujja suka mayar da shirin, da abokan aikin da suka riƙa leƙo ni a gida ba su guje ni ba.

Maigidana ya sha tambayoyi a majalisa da ƙofar masallaci, bai taɓa shigowa gida da ɓacin rai a fuskarsa ba. Surukata Hajiya kuwa, wadda na fi jin nauyin haɗa ido da ita a kwanakin nan, ita ce ta aiko mini da busasshen kifin Yauri da saƙon cewa in ci abinci in daina kuka, tunda ban yi sata ba. Inna, na san ba ki yi barci ba tun ranar da abin ya faru. Allah ya saka miki da Aljanna.

Ga masu sauraro daga Argungu, Jega, Gwandu, Kamba, Zuru da Yauri da suka yi ta kira da aiko saƙonni, na gode ƙwarai. Akwai wata uwa da ta kira ni da dare, ba zan faɗi garinta ba, ta ce 'yarta tana cikin irin wannan hali, wani yana yi mata barazana da hotunanta, ta yi wata biyu ba ta fita ko ƙofar gida. Mun haɗa su da lauya mace da kuma wata malamar Islamiyya, kuma ina roƙon ku sa su a addu'a. Waɗanda suka zage ni kafin su ji sauran, na yafe musu, har da wanda ya yi yankan.

Za a saka kashi na farko da na biyu a haɗe ranar Asabar mai zuwa a lokacin da aka saba, in sha Allahu, bayan haka kuma za mu buɗe layukan waya na tsawon minti 30 domin iyaye mata.

Wassalam.