A Tambayi Masu Ƙasa Kafin a Soma Tono

Kowace shekara, da zarar an gama girbi kuma rani ya kankama, ana buɗe wuraren aikin farfaɗo da ƙasa a sassa daban-daban na jihar Tawa. Ana tona ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwan sama a kan fako, ana jera duwatsu don rage gudun ruwa, ana shuka ciyawa da itatuwa, mutane kuma suna samun ɗan abin da za su sayi hatsi da shi. Aiki ne mai kyau, kuma Nijar ta ɗauki alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 kafin shekarar 2030, don haka ba ƙaramin abu ba ne ke gabanmu. Damuwata ita ce yadda ake tsara yawancin wannan aiki, domin sau da yawa mutanen da za su zauna da ƙasar har ƙarshen rayuwarsu ba a neman su sai ranar da ake bukatar hannunsu a kan diga da shebur.

Mu a wannan jiha muna da tarihin da ya isa ya koya mana darasi. A shekarar 1984, bayan fari ya gigita ƙasar Adar, aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa na yankin Keita da kuɗin ƙasar Italiya da jagorancin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda aka riƙa biyan ma'aikata da abinci. Mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin, domin maza da dama sun tafi cirani, kuma an gyara sama da hekta 30,000 tare da dasa miliyoyin itatuwa. Duk wanda ya san yadda tuddan Keita suke a da ba zai raina wannan aiki ba. Amma aiki ne na manyan motoci da kuɗi masu yawa, wanda manomi ba zai iya maimaita shi a gonarsa shi kaɗai ba, kuma madatsun ruwa da aka gina suna bukatar gyaran da ya fi ƙarfin aljihun ƙauye.

Abin da ya faru a yankin Illela ya fi jan hankalina. A shekarar 1989, wani aiki da FIDA, asusun duniya na bunƙasa aikin gona, ya ɗauki nauyinsa a Badagishiri ya kai wasu manoma yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga da idonsu yadda manoman can suka inganta ramukan shuka. Da suka dawo gida sai suka gwada a nasu fakon, suka faɗaɗa tassa, wato ramin shukar da suka riga suka sani tun kakanni, suka zurfafa ta, suka zuba taki a ciki. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Ana tona rami da rani, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba taki kamar cikin hannu biyu. Gara tana zuwa cin takin, tana huda ƙasar da ta ƙeƙashe, sai ruwan farko ya tsaya a ramin ya nutse maimakon ya gudu zuwa kwari da ƙasar gona. Maƙwabta suka ga gero ya yi kai a wurin da ko ciyawa ba ta fitowa, suka kwaikwaya ba tare da an biya su ba, har ta kai ga mutane suna sayen fako da kuɗinsu don su gyara shi. Ma'aikatan wannan aiki sun cancanci yabo saboda sun bar manoma su zaɓi abin da ya dace da ƙarfinsu, sannan suka bi su da tallafi.

Haka labarin sassaben zamani yake, wato barin tsiron kututture ya girma ya zama itace a cikin gona, wanda ya soma yaɗuwa daga yankin Maraɗi a shekarun 1980. Bincike ya nuna cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa ta wannan hanya. Manomi ya daɗe da sanin amfanin gawo, itacen da ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba dabbobi 'ya'ya da rani. Abin da ya hana shi barin itace a gona shi ne tsoron tarar ma'aikatan gandun daji, domin a lokacin ana ɗaukar itace a matsayin na gwamnati ko da a gonarka ya fito. Da wannan tsoro ya ragu, sai gawo da kalgo da sabara suka dawo, kuma a shekarar 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya raya da hannunsa.

Duk da wannan tarihi, har yanzu akwai wuraren da shawarar jama'a ba ta wuce taro guda. Na taɓa halartar irin wannan taro a wani ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba. Mota ta iso da hantsi, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar maigari, aka karanta yawan hektocin da za a gyara da irin itatuwan da za a dasa, alhali an riga an zaɓi wurin tun daga ofis. Mata suna zaune can baya, makiyaya kuma ba su ma ji labarin taron ba, domin suna daji da dabbobinsu. Wani dattijo ya miƙe cikin ladabi ya nuna cewa gefen filin burtali ne da shanu ke bi zuwa tafki, aka yi masa godiya, aka ci gaba da rubuta sunayen masu aiki. An tona rabin wata, kimanin 300 a kowace hekta kamar yadda aka saba, an kuma biya kuɗi. Da damina ta wuce, dabbobi suka bi hanyarsu ta kullum suka cinye dashen, aka soma zargin juna tsakanin manoma da makiyaya a kan abin da ba su ne suka tsara shi ba. Idan ka tambayi mutanen ƙauyen dalilin da ba su gyara bakin ramukan da ruwa ya fasa ba, amsar da za ka ji ita ce aikin proje ne, wato na waɗanda suka kawo shi, ba nasu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma dattijon nan ya faɗi inda matsalar take tun kafin a ɗaga diga.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda kuma aka fi kauce mata, ita ce ta mallaka: idan fakon ya farfaɗo, na wa ne? Filin da babu mai kula da shi a jiya yana samun masu iƙirari da yawa da zarar ya yi kore. Matan da suka yi dakon duwatsu a ka suna iya wayar gari su ga an mayar da filin gonar wani, makiyayin da ya saba kiwo a wurin kuma ya tarar an hana shi shiga. Dokar tsarin karkara ta shekarar 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Cofo, kuma a yau akwai su a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye, inda sarakunan gargajiya da ma'aikatan gwamnati da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa ke zama tare. A ganina bai kamata a soma aiki a kan wani fili ba sai kwamitin ƙauyen ya zauna an rubuta matsayin filin, ko gona ce ko makiyaya ce, da wanda zai yanki ciyawarsa, da tsawon lokacin da za a hana kiwo a cikinsa, da wanda zai biya mai gadi. Kwamitoci da yawa a ƙauyuka ba su da ko littafin rajista balle kuɗin zirga-zirga, kuma ɗan kaso kaɗan daga kuɗin aikin zai wadatar da su.

Lokacin neman shawara ma yana da muhimmanci. A Adar, samari da magidanta da yawa suna barin gida bayan girbi zuwa Najeriya ko Libiya ko Kwaddibuwa, ba sa dawowa sai gab da shuka, makiyaya kuma suna da nasu lokacin hawa arewa da saukowa. Taron da aka kira ba tare da duba wannan ba zai samu rabin masu ruwa da tsaki ne kawai. Ya kamata a yi zama fiye da ɗaya, a keɓe wa mata nasu zaman inda za su yi magana ba tare da jin nauyin surukai ba, a yi bayani da Hausa da Fulatanci da Buzanci gwargwadon mutanen wurin, sannan a taka ƙafa a zagaya filin tare, domin a can ne manomi zai nuna inda ruwa ke fasowa da inda iska ke tara rairayi.

Injiniyoyi da ma'aikatan gona suna da ilimin da ƙauye ke bukata, musamman wajen auna gangare da gina madatsa a kan kori, kuma wani lokaci abin da ƙauyen sama yake so yana cutar da ƙauyen ƙasa, dole a samu hukumar da za ta daidaita su. Abin da nake roƙo shi ne a sauya ma'aunin nasara. Maimakon rahoto ya tsaya a yawan hektocin da aka tona da kuɗin da aka raba, hukumomi da masu ba da tallafi su riƙa komawa wurin bayan damina uku, su ƙirga itatuwan da suka rayu, su duba takardar da kwamitin filaye ya sa wa hannu, su kuma tambayi mata da makiyaya ko har yanzu suna cin moriyar filin.