Gilashin VR a kujerar ɗaura ƙarfen haƙora: inda yake aiki da inda ba ya yi

Ranar liƙa ƙarfen daidaita haƙora ita ce mafi tsawo ga mara lafiya. Zai kwanta awa ɗaya ko fiye, baki a wangale da robar ware kumatu, bututun zuƙar yawu na ta ƙara, ba halin magana. Aikin kansa ba shi da wani zafi. Zaman jiran ne ke tada hankali, da tunanin abin da za a yi gaba. A wannan ranar muka fi amfani da gilashin VR a asibitinmu, wato na'urar da ake ɗaurawa a ido ta nuna wa mutum hoto kamar yana cikinsa.

Dabarar ba daga aikin haƙori ta faro ba. Hunter Hoffman da abokan aikinsa a Jami'ar Washington ta Amurka sun gwada ta a ƙarshen shekarun 1990 a kan masu ƙunar wuta, lokacin da ake wanke musu gyambo. Hujjarsu ita ce hankalin ɗan Adam ba ya ɗaukar komai lokaci guda. In ido da kunne sun shagala, sai zafi da tsoro su rasa wurin zama.

Ba kowa muke sa wa ba. Muna fara yi wa mutum tambayoyi biyar na MDAS, ma'aunin tsoron aikin haƙori, wanda makinsa ke tashi daga 5 zuwa 25. Wanda ya kai 19 yana da matsanancin tsoro, kuma irinsa sai an zauna an yi masa bayani tukuna, don rufe masa ido kawai na iya ƙara firgita shi. Masu matsakaicin ɗar-ɗar su suka fi cin moriyar abin. Mai farfaɗiya ba ma sa masa, haka mai yawan jiri a mota, haka mai afolo. Ƙananan yara kuma matsalarsu tazarar da ke tsakanin idanu biyu ce: gilashin VR samfurin Quest 2 matakan saiti uku gare shi, milimita 58, 63 da 68, kuma yaron da tazarar idonsa ba ta kai ba zai ga hoto dishi-dishi, ya tashi da ciwon kai.

Babban abin da aikin ya koya mana shi ne motsin kai ne abokin gaba. Kafin a liƙa kowane ƙarfe sai an shafa wa haƙori asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 37 cikin ɗari na daƙiƙa 15 zuwa 30, a wanke, a busar ƙarau, a sa gam, a daidaita ƙarfen, sannan a haska shuɗiyar fitila ya daskare. Yawu ya taɓa wurin a tsakani, an koma farko, in kuwa ba a lura ba ƙarfen zai ɓalle bayan 'yan makonni. Wurin zaman ƙarfen ma da rabin milimita ake auna shi. To, ka ba yaro wasan da kifi zai wuce ta gefen kunnensa, dole ya waiga. Shi ya sa muka daina wasanni gaba ɗaya, duk da su aka fi so. Hoton da muke zaɓa shi ne wanda komai yake gaban ido, yana tafiya a hankali: ƙarƙashin teku, daji, ko hoton Harami da karatu, wanda manya suka fi nema. Hoton da kyamara ke shawagi ko gudu yana tada zuciya, don ido na cewa ana tafiya alhali jiki na kwance. Duk muna sauke su a kan na'urar tun da wuri. Intanet ta yanke a tsakiyar aiki, mutum ya tsinci kansa cikin duhu da baki a buɗe, ba daɗi.

Tsarin sa shi ma yana da muhimmanci. A fara sa robar baki, a kwantar da kujera, sannan a ɗora gilashin a saita hoton. Wanda ya saita shi a zaune, da an kwanta hoton zai koma wajen ƙafafu, mara lafiya ya riƙa ɗago haɓa yana nemansa. Maɗauri mai tauri da ƙulli a ƙeya yana ɗaga kai daga matashin kujera, don haka na yadi muke amfani da shi, kuma mai ɗankwali mukan roƙe ta ta mayar da ɗaurin gefe. Nauyin Quest 2 ya ɗan haura giram 500. A kwance duk a kan kunci da karan hanci yake sauka, kuma in ya zamo ƙasa yana tare hannun likita a haƙoran gaba na sama. Muna cire shi na minti biyu tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, fuska ta sha iska.

Rufe ido yana raba likita da fuskar da yake karantawa. Saboda haka sauti ƙasa-ƙasa muke barinsa, mu yi yarjejeniya cewa ɗaga hannun hagu na nufin a dakata, kuma duk abin da zai taɓa baki sai an faɗa tukuna: "Hajiya, ga ruwa nan zuwa." Mace kuwa ba ma rufe mata ido sai da nas ko 'yar'uwarta a ɗakin, kuma a gaya mata duk wanda ya shigo.

Wajen ɗaukar awon haƙora da kwaɓi ba ma sa shi. A zaune ake yi, kai a ɗan sunkuye, kuma muna so mu ga idon mutum in amai ya taso. Zuwan canza robar da ke kan ƙarfen na minti goma ma bai kai wahalar saitawa ba. Iyaye kuma mukan faɗa musu a fili cewa gilashin ba ya hana tsamin da ke biyo baya, wanda yakan tsananta kwana ɗaya bayan sa wa ƙarfen waya ya lafa cikin mako. Wannan sai farasitamol da abinci mai laushi.

Matashin soso da ke zuwa da na'urar yana shan gumi, ba ya goguwa, sai a musanya shi da na silikon a goge bayan kowane mutum. Madubin ido kuwa busasshen ƙyalle mai laushi kawai, ban da sifirit, kuma kada rana ta faɗa masa don tana ƙona allon ciki. Batirin wajen awa biyu yake kaiwa, sai a cika shi tun dare. In an gama, a ɗago kujera a hankali, a cire gilashin, mutum ya zauna minti biyu ko uku kafin ya miƙe.