Kiwon Kunkuru a Bayan Garin Argungu

Shekara 14 ke nan ina kiwon manyan kunkuru a wani fili mai katanga a bayan garin Argungu, kuma har yau idan na faɗi sana'ata sai mai tambaya ya yi murmushi, yana zaton ba'a nake yi masa. Na fara da guda uku da na gada a gidan kakana, wanda ya ajiye su kamar yadda manyan gidaje da fadojin sarakuna suka saba, wasu don ƙawa, wasu don imanin cewa kunkuru yana tare mugun baki. Yanzu ina da iyaye 11, mata 8 da maza 3, da samari biyu masu yankan ciyawa, da littafin rajista wanda na fi tsaronsa a kan akwatin kuɗi.

Irin da nake kiwo shi ne wanda masana ke kira sulkata, ɗan asalin yankin Sahel tun daga Senegal har Habasha, kuma a duniya babu kunkurun tudu da ya fi shi girma sai na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Ƙasaitaccen namiji yana haura kilo 70, yana haƙa rami mai zurfi don gudun zafin rana, kuma idan ya ƙudurta fita zai yi ta tunkuɗar katangar laka har ta tsage.

Aikin gaske yana farawa ne bayan damina ta ɗauke. Macen za ta yi kwanaki tana zagaye tana shinshinar ƙasa, sannan ta juya baya ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai 15 zuwa 30, farare kewayayyu, ta rufe ta daddaɓe wurin da ƙirjinta har ba ka gane an taɓa shi. Ni kuwa ina tsugune a gefe da fensir. Kowane ƙwai na tono sai na yi masa alama a samansa kafin ya shiga tukunyar yashi, domin ƙwan kunkuru ba kamar na kaza ba ne, idan aka juya shi bayan ɗan tayi ya kama, ya lalace ke nan. Daga nan sai jira na wata uku zuwa huɗu, wani lokaci fiye, ana lura da ɗumin yashi, saboda ɗumin ne ke raba jinsi: idan ya yi yawa mata sukan rinjaya, idan ya ragu maza. Wata shekara na yi sakaci da murfin tukunya ɗaya, gafiya ta shiga cikin dare, da safe ɓawo kawai na tarar.

Ba zan ɓoye ba, kuɗi ne ya sa na mayar da gadon kakana sana'a. Da damina abinci kyauta ne, amma da rani harawa da kabewa sai an saya, ga albashin samari, ga gyaran katanga. Da na fara sayar da 'ya'yan, na riƙa gaya wa kaina da masu saye cewa kowane ɗan kunkuru da ya fita daga tukunyata ya ceci wani da za a kamo daga daji. Na daɗe ina jin daɗin wannan magana kafin littafina ya ƙaryata ni. Alhazan da ke zuwa wurina ba ɗan mitsitsin da bai fi gidan ashana ba suke nema, babba suke so, wanda baƙo zai gani a tsakar gida ya riƙe baki, alhali kafin ɗan tukunya ya kai haka sai an ciyar da shi fiye da shekara 10. Wanda ba ya iya jira, dillali zai samo masa daga daji a cikin mako biyu, wato kiwona bai rage wa dajin nauyin komai ba a wannan ɓangare na kasuwa.

Doka ta san da wannan. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar CITES da aka ƙulla a Washington a 1973 kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta kuma kafa tata dokar a 1985, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar ta rufe ƙofar fitar da wannan kunkuru don ciniki idan daga daji aka kamo shi. Haifaffen gida ne kawai ke da hanya, saboda haka shaidar cewa dabba a gidan kiwo aka ƙyanƙyashe ta ta zama haja mai tsada, wani lokaci fiye da dabbar kanta.

Da idona na ga haka. Wata ranar Laraba wani dillali ya zo mini ta hanyar Kamba da mota a rufe da tamfol, muka gaisa, ya ce, "Alhaji, ba sayarwa na zo ba. Guda 23 ne, ka shigar mini da su littafinka a matsayin 'ya'yan gidanka, ka faɗi abin da kake so." Na ɗaga tamfol na duba. Ƙoƙon bayansu sumul yake, ya goge da shiga rami, ba irin tudu-tudun da na gida kan yi ba, ga kaska a hammatarsu, uku kuma an huda musu gefen ƙoƙo inda aka ɗaura igiya. Na ce masa, "Malam, waɗannan sun girme wa katangar nan, yaya zan rubuta cewa a cikinta aka haife su?" Kuɗin da ya ambata ya fi cinikina na shekara guda, kuma gaskiya na kwana ina juyi a kansa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi: makiyayin da ya tono su ɗan abin sayen goro ya samu, dajin ya yi asarar iyayen da suka fi shekara 20 suna girma, riba kuwa tana can wajen mai takarda.

Yawan dabba a keji ma ba shi ne tsirar irinta ba. A shekarar 2000 Amurka ta hana shigo da sulkata saboda kaskar da ke ɗauke da cutar dabbobi, amma masu kiwo a can sun hayayyafa shi har gidajen ceton dabbobi suna kukan ya yi musu yawa, yayin da a nan mahaifarsa gonaki suna cinye daji, ana ƙona ciyawa, shanu da awaki suna riga shi kiwo, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin masu fuskantar ƙarewa. Inda kiwo ya yi ceto na gaskiya, kamar a tsibirin Española na Galapagos, kunkurun tsibirin guda 15 da suka rage ne aka hayayyafa har aka mayar da kusan 2,000, kuma ba don kasuwa aka yi ba, gwamnati da masu bincike ne suka ɗauki nauyin aikin shekaru da dama, aka kuma kawar da awakin da suka cinye ciyawar tsibirin. A Senegal ma akwai gidan kunkuru a Noflaye da ya mayar da wasu dajin Ferlo, cikin fili mai tsaro. Ko irin waɗannan wurare kuɗi bai bar su ba, domin a 1996 ɓarayi sun kwashe guda 75 daga cibiyar kiwon wani kunkuru mai wuyar samu a Madagaska.

Na taɓa niyyar sakin 20 daga cikin nawa a daji don in sauke nauyin da nake ji, sai wani likitan dabbobi ya hana ni. Ya ce na gida yana iya kai wa na daji ciwon hanci da na huhu, kuma tunda ban san yankin da kunkurun kakana suka fito ba, ba ni da hurumin cakuɗa iri, sannan duk wanda na saka a dajin da ba mai gadi, kasuwa zai dawo kafin kaka.

Dillalin nan ya tafi da kayansa, ban kuma san inda ya sami mai rubuta masa ba, amma ya bar mini mace ɗaya da ƙoƙonta ya tsage a mota, wai ba za ta kai ba. Ta kai. Na kai rahotonta ofishin gandun daji, aka bar ta a hannuna amana, tana wani shinge ita kaɗai nesa da sauran. A littafi, gaban lambarta ta 12, na rubuta cewa daga daji take kuma ba ta sayarwa ba ce, ramin igiyar yana nan a gefen ƙoƙonta na hagu.