Talata, ni da tsohuwar sabar mutanen nan

Yau sai bayan la'asar na ci abincin rana. Shinkafa da waken da Maman yara ta zuba mini a kula duk ta huce, manjan ya daskare, haka na tura ta ina kallon allo.

Manhajar nan ce ta tattara lissafin rassa, wadda na ishe ku da labarinta tun watan jiya. Daren jiya na gama ta, na gina ta a laftof ɗina mai Ubuntu 22.04, ta yi aiki lafiya lau, har na kwanta ina jin kaina. Da safe na tura ta kan sabar mutanen da muke wa aikin, wato kwamfutar da za ta riƙa aiki a kanta, na buga sunanta, na danna Enter. Amsar da na samu ke nan:

/lib64/libc.so.6: version `GLIBC_2.34' not found

A ƙarƙashinsa kuma ga ɗan'uwansa yana kukan GLIBCXX_3.4.29.

Ɗan bautar ƙasarmu yana tsaye a bayana da kofin shayi. Ya leƙo ya ce, "Oga, ai CentOS 7 ce. Me zai hana mu ɗaga kwantenar CentOS 7 a Docker, mu gina komai a cikinta?" Wato mu kwaikwayi tsohuwar sabar a cikin laftof, mu yi ginin a can. Ko juyowa ban yi ba. Na ce masa, "Kai dai je ka ƙarasa fom ɗin da na ba ka, wannan aikin minti goma ne." Ya ce to, ya koma kujerarsa. Ƙarfe tara da kwata lokacin.

Abin haushin shi ne na san ciwon sarai. CentOS 7, nau'in Linux ɗin da ke kan sabar, ta fito ne a 2014, kuma glibc ɗin cikinta, wato babban laburaren da kusan kowace manhaja ke aro daga gare shi, 2.17 ne, na ƙarshen 2012. Nawa na laftof 2.35. Duk aikin da manhaja ta aro daga glibc, linka, mai haɗa sassan manhaja wuri guda, yana manna masa lambar sigar da ya tarar a wurin ginin. A 2.34 ne aka haɗe libpthread da libdl cikin libc, har __libc_start_main, wanda manhaja ke bi ta kansa kafin ta kai ga main, ya samu sabuwar lamba. Shi ya sa ko manhajar da ba ta yin komai sai gaisuwa, in ka gina ta a sabon wuri, tsohuwar saba ba za ta tashe ta ba. Sabon glibc yana riƙe da tsoffin sunaye duka, shi kuwa tsohon ina zai san sunan jikan da aka haifa bayansa? Duk wannan na sani. Na dai ga kamar akwai gajeriyar hanya.

Na fara da -static, wai in cusa komai cikin fayil ɗaya in huta. Linka ya yi mini gargaɗi a kan getaddrinfo, mai nemo adireshin saba daga sunanta, cewa ko da na haɗa a haka, sai ta nemi laburaren glibc na sigar da aka gina da ita a lokacin aiki. Manhajar da duk sana'arta kiran rassa ce da sunayen sabobinsu. Na fasa.

Aka ɗauke wuta. Minti ashirin kafin mai gadi ya tada janareta.

Daga nan ne shaiɗan ya zo. Na kwafi libc.so.6, wato fayil ɗin glibc, na laftof ɗina na tura kan sabar, na rubuta umarnin da zai ɗora shi a kan na /lib64, yatsana yana kan Enter. Ina kallon ɗan layin nan yana ƙiftawa. Na taɓa yin wannan sau ɗaya ina sabon shiga, ko ls mai jera fayiloli ta daina aiki, sai da muka kwana muna ceto na'urar da faifan gaggawa. Wannan kuwa sabar mutane ce, lissafin kuɗinsu ne a ciki, kuma tana wani gari. Na goge layin harafi bayan harafi, na tashi na yi alwala. Har na idar da azahar gabana bai daina faɗuwa ba.

Bayan salla na ce to bari in gina a kan sabar kanta. GCC ɗinta, wato maginin manhaja, 4.8.5 ne, bai ma san -std=c++17 da nake buƙata ba. Na nemi sabo da yum, mai sauko da manhajoji, yum ya ce bai ga hanya ba. An daina kula da CentOS 7 tun 30 ga Yuni 2024, adireshin mirrorlist ya mutu, sai ka juya fayilolin repo, masu nuna rumbun manhajoji, zuwa vault.centos.org da hannu. Na fara, sai na tuna ba a ba ni izinin taɓa saitin sabarsu ba. Na mayar da komai yadda na same shi.

Ƙarfe uku da rabi na buɗe Docker. A hankali, har da ɗan karkatar da allon. Na jawo centos:7, na gyara repo a ciki inda ba mai tuhumata, na saka devtoolset-11 mai ɗauke da sabon GCC. Linka ya sake tsayawa, wannan karon da jerin undefined reference masu ɗauke da std::__cxx11. Laifin wani laburare ne da na gina tun a Ubuntu na kwaso shi haka nan. Tun GCC 5 std::string ke da fasali biyu, tsoho da sabo, kuma devtoolset na CentOS 7 tsohon yake bi saboda libstdc++ ɗin sabar. Na sake gina laburaren a cikin kwantenar. Ya wuce sumul. Na duba da objdump -T, lamba mafi girma GLIBC_2.17, a jikin clock_gettime. Na tura. Ta tashi, rassa suka fara amsawa ɗaya bayan ɗaya. Duka-duka minti arba'in.

Ga inda abin ya tsaya mini. Alhaji ya shigo wajen ƙarfe biyar, mutanen sun kira shi sun ce sun ga lissafi yana shiga. Ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce, "Ai na faɗa musu, in dai kana nan ba mu da fargaba." Na yi dariya na ce, "Yallaɓai, ikon Allah ne." Shi ke nan abin da na ce. Yaron yana zaune bai fi taku uku da ni ba, kuma na tabbata ya ga tambarin Docker, kifin nan, a allona. Bai ɗago ba. Da zai tafi ya zo ya ce, "Oga, sai da safe, Allah ya huta gajiya," da fara'arsa kamar kullum. Da ma ya ɗaure fuska, da ya fi mini sauƙi.

Cunkoso a gadar Ƙofar Nasarawa. Mai adaidaita ya ƙara ɗari biyu, ban ma yi musu ba.

Na ba Maman yara labari muna cin tuwo, na tsallake su glibc, na je kan maganar. Ta ce, "Wato tun safe ya faɗa maka?" Na ce ai ba daidai yadda ya faɗa ba ne, akwai batun laburaren da bai sani ba, da batun repo. Ta kalle ni kawai ta ci gaba da ɓare wa auta lemo. Na ƙara bayani, ta ce, "Ni fa ban ce komai ba."

Sau biyu ina rubuta saƙo a guruf ɗin ofis ina gogewa. Na farko ya yi tsawo, kamar ina wa kaina shari'a. Na biyu kuma na ga na sa "da taimakon", alhali ba taimako ya yi ba, hanyar gaba ɗaya tasa ce. Yanzu sha ɗaya da kwata, wayar saura kashi tara, wuta ba ta dawo ba. Dockerfile ɗin ma, fayil ɗin umarnin ɗaga kwantenar, ban tura shi ma'ajiyar aikinmu ba tukuna.