Bututun iska kafin katafila

Duk lokacin da aka kira mu, masu aikin ceto, cewa ramin zinare ya rufta da mutane, abin da muke fara yi shi ne korar jama'a daga bakin ramin, a kashe kowane inji. Nauyin 'yan kallo kaɗai yana iya ƙara zubar da ƙasa. Sai mu kafa ƙarfe a ƙasa, mu buga sau uku, kowa ya yi tsit, a kasa kunne. Abokan aikinsu ne ke gaya mana mutum nawa suka shiga, da inda lungun ya karkata, domin waɗannan ramuka ba su da taswira.

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne gaggawar kawo katafila. Mota ce mai nauyin tan 20 ko fiye. In ta hau kan lungun da mutane ke ciki, sai ta danne ɗan sararin da ya rage musu. Aikinta kwashe ƙasar sama daga nesa. Da an kusa, sai diga da shebur da hannu.

Iska ce kan gaba. Muna tura siririn bututu har inda suke, mu haɗa da injin hura iska. Janareta da injin jan ruwa a waje suke zama, inda iska za ta kwashe hayaƙin nesa da rami. Gubar hayaƙin nan ba ta da wari, mutum zai ji ciwon kai da kasala ne kawai, sai ya faɗi. Kyandir yana nuna ƙarancin iska idan ya mutu, amma ba ya nuna wannan guba, kuma a ramin kwal ba a kunna wuta sam.

A Chile ma, a 2010, siririyar hanya aka fara buɗewa. Mahaƙa 33 sun maƙale kimanin mita 700 a ƙarƙashin ƙasa a mahaƙar San José ranar 5 ga Agusta. Siririn rami ne ya fara isa gare su bayan kwana 17, ta nan aka riƙa tura ruwa da abinci da magani, kafin a faɗaɗa wani ramin a fito da su ɗaya bayan ɗaya ranar 13 ga Oktoba.

Ba ma bin ƙasar da ta zube. Sabon rami muke haƙawa a gefe, inda ƙasa ke da ƙarfi, sannan mu ratsa. Duk mita ɗaya sai an tokare da katako, ko da iyalai na kuka suna cewa muna ɓata lokaci. Masu haƙa biyu ne ke shiga ciki, kowa da igiya a ƙugu da mai riƙe ta a sama, ana canji duk rabin awa. Da damina kuwa injin jan ruwa biyu muke nema, don ɗaya kan tsaya.

Wanda dutse ya danne wa ƙafa na sa'o'i, kada a ɗaga dutsen sai ma'aikacin lafiya ya sa masa ƙarin ruwa. Naman da ya matsu yana sakin guba cikin jini, tana iya tsayar da zuciya ko ta lalata ƙoda. Wanda ya kwana biyu ba ci, ruwan gishiri da sukari ake fara ba shi kaɗan-kaɗan, sai kunu. A rufe masa ido da ƙyalle kafin ya fito rana.