Yadda boris mai allurai ya mutu mini sau biyu a injin shinkafa

Shekara tara ke nan ina kula da injuna a wata ƙaramar masana'antar gyaran shinkafa da ke bayan garin Sakkwato, kuma a tsawon wannan lokaci babu ƙarfen da ya kunyata ni gaban maigidana kamar wani ɗan boris wanda da kaɗan ya ɗara murfin robar lemo girma. Abin ya faru ne a watan Janairu, lokacin da shanshera ke shigowa daga Wurno da Goronyo mota bayan mota, hazon hunturu kuma ya haɗu da ƙurar ƙaiƙayi har mutum ba ya ganin ƙarshen rumfar. Injin tsince tsakuwa ya fara ƙara a wajen hannun da ke girgiza rariya, da na kwance sai na tarar boris ɗin da ke cikin idon hannun ya ragargaje, alluransa sun zube a tafin hannuna kamar tsabar shinkafa.

Irin wannan boris ba shi da zoben waje mai kauri kamar mai ƙwallaye da muka saba da shi. Jikinsa kofi ne siriri da aka matso daga fallen ƙarfe, aka gasa fatarsa ta yi tauri, sannan aka jera siraran sanduna a ciki, waɗanda ake kira allurai, tare da keji mai hana su gogar juna. Bajamushe Georg Schaeffler na kamfanin INA ne ya fito da dabarar kejin a wajen shekarar 1950. Lambar da ke jikin nawa ita ce HK 2520, wato yana hawa sanda mai kaurin milimita 25, faɗinsa na waje 32, tsawonsa kuma 20. Boris mai ƙwallaye 6205 da ke hawa sanda irin wannan milimita 52 ne faɗinsa, don haka ko kusa ba zai shiga idon hannun ba, kuma wannan ƙarancin wuri shi ne dalilin da ya sa masu ƙera injin suka zaɓi mai allurai.

Na samo sabo a kasuwa a ranar, na ɗora shi a bakin ramin, na kifa soket a kansa, na yi ta bugu da guduma har ya shige. Kwana goma sha ɗaya ya yi ya mutu. Da na ciro shi na ga leɓensa ya lotsa ciki ya danne kejin, alluran sun daina juyawa sai dai su ja jiki a kan fil ɗin, wato sandar da boris ɗin ke hawa, har sun bar masa zane-zane. Na ɗora laifin a kan mai shago, na ce jabu ya sayar mini, na sa aka aiko da wani daga Kano. Shi kuwa fil ɗin da ya cinye, sai na kai aka cike shi da walda, mai injin fere ƙarfe ya mayar da shi milimita 25 daidai, yana ta sheƙi. Wannan karon da katako na kare boris ɗin kafin in buga, ina ganin na yi dabara. Mako uku bai cika ba ƙarar ta dawo, Alhaji maigidana kuma ya tsaya a kaina yana ƙirga buhunan da ba a gyara ba, bai ce mini komai ba, wanda ya fi mini zafi a kan ya yi faɗa.

Da dare na ɗauki hannun da fil ɗin na tafi gidan tsohon da ya koya mini aiki, wanda ya daɗe yana gyaran manyan injuna kafin ya ajiye. Bai ko kalli boris ɗin ba. Magagari ya ɗauko ya goga sau ɗaya a jikin fil ɗin, sai ga garin ƙarfe yana zuba. Ya ce, "Ɗana, mi ka yi ma wanga ƙarfe? Kai ka ba allura tuwo ta taka." Daga nan ya tura sabon boris cikin idon hannun da babban yatsa kawai, ya shige fiye da rabi ba tare da wata gardama ba, ya ɗago ya dube ni. Na ce, "Baba, na gani."

Abin da ya bayyana mini a daren nan shi ne cewa abin da ake saye a shago rabin boris ne kawai, sauran rabin kuwa ramin ne da sandar. Kofin yana da sirantakar da ko a cikin kwalinsa ba lallai ne ya zama da'ira cikakkiya ba. Sai an matsa shi cikin rami mai daidaitaccen zagaye yake samun siffarsa da ƙarfinsa, kuma idan ramin ya karkace ko ya buɗe, haka shi ma zai karkace. A jikin ƙarfe ana so ramin ya gaza milimita 32 da abin da bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na milimita ba, abin da bai kai kaurin gashin kai ba, a jikin alminiyom kuma ana ƙara matse shi saboda ya fi buɗewa idan ya ji zafi. Sandar kuma, tunda babu zoben ciki, ita ce hanyar da alluran ke bi kai tsaye, saboda haka dole taurinta ya kai 58 zuwa 64 a ma'aunin Rokwel, a kuma goge ta sumul. Walda ta gama-gari ba ta ba da wannan tauri, komai sheƙinta.

Gyaran ya ɗauki kwana biyu. Mun yanke tsohon idon muka yi waldar sabo, kuma Baba ya hana a fere ramin sai bayan waldar ta huce, domin zafi yana jirkita rami. Aka yi sabon fil da ƙarfe mai kyau, aka rage mazauninsa zuwa milimita 20, muka sa masa zoben ciki mai tauri wanda wajensa 25 ne. Na ɗan ji tsoron kada ragin ya raunana fil ɗin, amma gajere ne kuma a tallafe yake ta ɓangarori biyu. Don shigar da boris ɗin, aka fere mana ɗan ƙarfe mai kafaɗa wanda ke shiga cikinsa ya zauna a kan leɓensa ko'ina daidai, muka ja shi a hankali da dogon bol da noti, babu guduma ko sau ɗaya. Gefen da ke ɗauke da rubutu shi ake turawa, domin ɗaya leɓen shi ake lanƙwasawa a ƙarshe bayan an zuba alluran, kuma ya fi rauni. Sai a lokacin na tuna cewa a karon farko ban ma duba ta wane gefe na buga ba.

Na zaɓi mai lamba 2RS a ƙarshe, wato mai robar toshewa a gefe biyu, saboda ƙurar ƙaiƙayi idan ta cakuɗa da giris takan zama kamar yashin goge tukunya. Na kuma sa wasa mai tauri, wato faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, a kowane gefen hannun, tunda irin wannan boris nauyin da ke danne shi daga sama kaɗai yake ɗauka, ba ya hana hannu zamewa hagu ko dama.

Injin ya ƙarasa kakar, ya ratsa zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, kuma duk safiya nakan ɗora bayan hannuna a kan idon bayan awa guda da tayarwa don in ji ɗuminsa. Boris ɗin farko da na ce jabu ne yana nan a akwatin kayan aikina, kuma na koma wurin mai shagon na ba shi haƙuri.